Tambayi Likita: Shin Aikin Gida Ya Isa Motsa Jiki?

Tambaya: Likita, shekaruna 49, al'ada ta ɗauke mini bara. Sankarar mama ce ajalin mahaifiyata, ni kuma ina da hawan jini. An ce in riƙa motsa jiki, amma ban cika fita ba, kuma wuni nake ina kai-kawo a cikin gida. Wannan bai isa ba? (Wata uwargida daga Funtuwa)

Amsa: Hajiya, Allah Ya jiƙan Mama. Aikin gida iri-iri ne. Daka a turmi, surfe, jan ruwa a rijiya da sharar tsakar gida da sauri duk motsa jiki ne na gaske. Amma tsintar shinkafa, yankan alayyafo da zama gaban murhu, ko an wuni ana yi, gajiya kawai suke kawowa, zuciya ba ta san an yi ba. Ga ma'auni mai sauƙi: idan numfashinki ya ƙaru, jiki ya ɗau ɗumi, kina iya magana amma ba za ki iya rera waƙa ba, to kin kai inda ake so.

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ita ce minti 150 zuwa 300 a mako na irin wannan motsi, da kuma atisayen ƙarfafa tsoka sau biyu a mako. Mafi ƙaranci ke nan minti 30 a rana, kwana biyar. Ba dole a yi shi a jere ba. Minti goma-goma sau uku ma ya shiga lissafi.

Me ya haɗa motsa jiki da sankarar mama? Bayan ɗaukewar al'ada, ƙwayayen mace sun daina samar da sinadarin isturojin, sai kitsen jiki ya karɓi aikin. Yawancin sankarar mama kuwa da wannan sinadari take girma. Saboda haka teɓa ba ado ba ce a shekarunki. Motsa jiki yana rage kitsen, yana sa jiki ya fi jin insulin, wato sinadarin da ke daidaita sukari a jini, kuma bincike ya nuna matan da suka fi motsi haɗarinsu ya ragu da kusan kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari idan aka kwatanta da masu yawan zama. A ɓangaren zuciya ribar ta fi fitowa fili: hawan jini kan sauka da maki 5 zuwa 8 ga mai lalurar idan ya dage, kuma kitsen da ke toshe jijiyoyin jini yana raguwa.

Ki fara da minti goma bayan Asuba da minti goma bayan La'asar, kina zagaya tsakar gida ko daga ƙofar ɗaki zuwa zaure. Ki duba agogo ki ƙirga taku: 25 cikin daƙiƙa 15, wato kusan 100 a minti, shi ne saurin da ake nema. Duk mako ki ƙara minti biyar. Ranar Litinin da Alhamis kuma ki zauna kan kujera ki miƙe ba tare da dafa komai ba sau goma, ki huta, ki maimaita. Sannan ki ɗaga gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi a kowane hannu sau goma.

Inda ake yin kuskure shi ne ɗoki. Mace za ta yi awa guda ranar farko da silifas, ta kwana da ciwon gwiwa da diddige, shi ke nan an yi sallama. Ki sa takalmi mai rufi da taushin ƙasa, ki sha ruwa, ki guji tsakar rana a watannin zafi. Wata kuma da ta gama sai ta kora da lemon kwalba, ta mayar da duk abin da ta ƙona.

Sai dai tunda mahaifiyarki ta yi cutar, haɗarinki ya ɗara na sauran mata, kuma tafiya ba ta narkar da ƙullutu. Ki je asibiti a duba ki, ki tambayi lokacin da ya dace a ɗauki hoton nono. Idan kin ji tauri a nono ko hammata, kan nono ya lotsa ciki, jini ya fito, ko fata ta koma kamar ɓawon lemo, kada ki tsaya shafa magani.

Tambaya: Ina shan maganin hawan jini. Idan na fara tattaki zan iya ajiye shi? (Wani magidanci daga Maraɗi)

Amsa: A'a, Malam. Tattaki taimako ne ga magani, likitanka ne kawai zai rage shi bayan ya ga awo ya daidaita. Ka auna kafin ka fita. Idan ya kai 180 bisa 110, ka fasa, ka nufi asibiti. Haka nan idan kana cikin tafiya ka ji nauyi a ƙirji, ciwo na sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, jiri ko haki fiye da kima, ka tsaya nan take, a kai ka asibiti da gaggawa.