Manhajar Kyauta ko ta Kuɗi: Wacce Za Mu Ɗauka a Ofis?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna da kwamfuta 12 a kamfaninmu, kuma kuɗin lasisin Microsoft na neman fin ƙarfinmu. An ba mu shawara mu koma Linux (madadin Windows) da LibreOffice (madadin Word da Excel) tunda kyauta ne. Ko akwai abin da ya kamata mu sani kafin mu shiga? (Wani mai karatu)

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, shawarar tana da kyau, amma lasisin ne kawai kyauta. Wanda zai saka manhajar, ya koya wa ma'aikata, ya zo ranar da abu ya cije, shi ma haƙƙinsa zai karɓa. Ku sa wannan cikin lissafi tun farko.

Kada ku sauya komai lokaci guda. LibreOffice yana aiki a kan Windows, don haka ku saka shi a kwamfuta 2 tukuna, ku yi wata guda kuna gwada shi da ainihin takardunku. Wurin da aka fi samun cikas shi ne Excel: in akawunku yana da fayil mai umarnin VBA da ke haɗa lissafi da kansa, wani zai yi aiki, wani kuwa sai an sake rubuta shi. Haka wasiƙar Word mai shafi ɗaya kan buɗe ta zama shafi biyu, layuka sun zame, in babu salon rubutu na Calibri a kwamfutar. Saka salon rubutu na Carlito yana magance wannan, domin faɗin haruffansu ɗaya ne.

Sai wannan ya zauna sannan a yi maganar Linux. Ku rubuta sunan kowace manhaja da na'urar buga takardu da kuke amfani da ita, ku tabbatar tana aiki a kansa. Birnin Munich na Jamus ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, a 2017 kuma majalisarsa ta zaɓi komawa Windows. Cikin ƙorafe-ƙorafen akwai manhajojin da ba sa aiki sai a Windows.

A ganinmu, tsofaffin kwamfutocinku ne suka fi cancantar Linux. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma yana buƙatar TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro a cikin kwamfuta, wanda da yawansu ba su da shi. Ubuntu LTS, wani nau'in Linux, yana samun gyaran tsaro na shekara 5.

Manhajar albashi da haraji kuwa, in tana aiki lafiya, ku bar ta inda take. Ku dai tabbatar za ku iya fitar da bayananku a tsarin CSV, wato fayil ɗin da Excel da LibreOffice duka ke iya buɗewa, kafin ku sabunta lasisinta.