Tambayoyinku kan Waya da Kwamfuta: Masu Neman Kakanninsu a Intanet

Makon nan saƙonninku sun karkata wuri guda, kowa yana neman kakansa a cikin waya. To, bismillah.

Tambaya: Mun samo takardar cinikin gidan kakanmu a cikin adaka, rubutun ajami ne. Na ɗauki hotonta na tura wa yayana ta WhatsApp, ya ce ba ta karantuwa. Ko wayata ce ba ta da kyau? (Wata 'yar'uwa daga Katsina)

Amsa: Wayarki lafiyarta ƙalau. WhatsApp ne ke matse hoto don rage cin data, ɗige-ɗigen ajami kuwa su ne farkon abin da ke ɓacewa. Ki tura hoton a matsayin fayil, ta inda ake tura PDF. Ki shimfiɗa takardar a inuwa da hantsi, ki kashe filasha, ki ɗauki gaba da baya. Duk wanda ya ce a kai ta shago a yi mata laminatin, ki karɓe takardar daga hannunsa. Zafi da gam suna cinye tsohuwar takarda, kuma in an manne an manne ke nan.

Tambaya: Na rubuta sunan kakana da na garinmu a manhajar hira ta ƙirƙirarriyar basira, sai ta jero mini salsalarmu har kaka na tara, ta ce ɗaya daga cikinsu ya yi sarautar Madaki zamanin jihadi. Ina so in buga a kalandar bikin ƙanena. Da wace manhaja zan tsara ta? (Wani matashi daga Zariya)

Amsa: Allah ya ja zamanin jikan Madaki! Amma kafin a kira maroƙa, yi mini abu guda: rufe wannan hirar, buɗe sabuwa, ka sake rubuta tambayar yadda ka yi da farko. In ka sami kakanni taran nan ba canji, ni zan biya kuɗin kalandar.

Wannan manhaja ba ta da kundin gidanku. Aikinta shi ne hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata, gwargwadon rubuce-rubucen da aka ɗura mata. Sunayenmu kuwa sun sauƙaƙa mata aiki: Muhammadu ɗan Abubakar ɗan Usmanu ɗan Aliyu, wane gida ne a ƙasar Hausa wannan jeri ba zai zauna masa ba? Ta ƙara maka da sarauta saboda tarihin da aka rubuta na masu sarauta ne. Da ka ce mata kakanka marini ne, da ta samo maka karofi.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne inda kalandar za ta ƙare. Za a rataye ta a zaure, wani ya ɗauki hoto ya sa a Facebook, wani ya kwafa zuwa zauren WhatsApp na dangi. Nan da shekara goma, tsofaffin da za su ce "ƙarya ne, ba mu da Madaki" sun kwanta dama, sai kalandar ta zama hujja. Da irin wannan takarda ake zuwa neman sarauta, da ita ake ja-in-ja kan gona, a wayi gari zumunci ya lalace.

Ka kuma san dalilin da ya sa kakanka ba ya intanet. A Najeriya sai a ƙarshe-ƙarshen ƙarni na ashirin aka kafa dokar da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a duk faɗin ƙasa, har yau kuma ba kowa ke yi ba. Sunan dangi na dindindin irin na Turawa ma ba mu da shi. Yaro ya shiga makarantar boko sai a liƙa masa sunan garinsu, shi ya sa muke da Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Na'ura ba ta iya nemo abin da ba a taɓa rubutawa ba.

Kundin yana nan, amma a bakin goggonka yake. Ka je da goro da turare, ka sa wayar a yanayin jirgi don kada kira ya katse ka, ka kunna manhajar naɗar murya, ka ajiye wayar kan tabarma kusa da ita. Ka fara da faɗin kwanan wata da sunan mai magana da wurin da kuke. Kada ka tambaye ta "a wace shekara", ba da lamba take lissafi ba. Tambaye ta kafin zuwan Sarauniya ne ko bayansa, wato 1956. Kafin canjin hannun tuƙi ne, 1972, ko bayan canjin kuɗi zuwa naira, 1973? Wa ke sarautar garin a lokacin? Ka nemi laƙabi da kirari da irin tsagar gidan da sana'ar gado, da ƙofar da aka shigo gari ta cikinta. In ta kai kan sunan mijinta ko na ɗanta na fari ta ce "mai gidan nan" ko "wannan yaron", kada ka matsa mata, alkunya ce. Ka sa wani a gefe ya faɗi sunan don ya shiga naɗin. Kuma ka fi zama wurin mata, su suka san wa ya auri wa, wa aka ba wa riƙo, wa ya tafi Gwanja fataucin goro bai dawo ba. Maza sarauta kawai suke tunawa, kamar manhajarka.

Kowane fayil ka sa masa suna da shekara, kada ka bar shi da lambar da waya ta ba shi. Ka ajiye kwafi biyu, ɗaya a Google Drive, ɗaya a filashi cikin akwati. Gigabait 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta sun ishi murya mai yawa, sai dai ka riƙa leƙa asusun, don tun ƙarshen 2023 suna iya goge wanda ya shekara biyu ba a taɓa shi ba.

Sai bayan wannan za ka nufi takardu. Akwai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna, inda rahotannin da Turawan mulki suka rubuta kan gundumomi da haraji suke, da jerin hakimai da dagatai. Akwai Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, a nan Kaduna, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato. Babban ɗakin karatu na Birtaniya ya ɗauki hotunan wasu takardun Kaduna da Kano ya sa a shafinsa kyauta, ƙarƙashin shirinsa na ceto takardun da ke fuskantar lalacewa. In Madakin naka gaskiya ne, akwai inda zai ɓullo. In talaka ne irin kakannin yawancinmu, sai ka dace da rajistar kotun alƙali, wurin rabon gado ko shari'ar gona. Kalandar kuwa, sa hoton ango da amarya.

Tambaya: Ana cewa kakanmu ya je yaƙin Bama bai dawo ba. Akwai inda zan duba? (Wani malamin makaranta daga Bauci)

Amsa: Akwai, malam. Shafin CWGC, na hukumar kula da kaburburan sojojin ƙasashe rainon Ingila, kyauta ne. Sojojinmu sun yi yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda ba a san kabarinsu ba kuma an zana sunayen da yawansu a bangon tunawa da ke maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon. Ka nema da sunansa haɗe da sunan gari, kamar Musa Bauchi, ka gwada rubutu iri-iri, don magatakardan soja yadda kunnensa ya ji yake rubutawa. Sunayen waɗanda suka mutu kaɗai ke ciki. 'Yan'uwanmu na Nijar, naku shafin shi ne Mémoire des hommes na ma'aikatar sojan Faransa.

Tambaya: Ina son in yi gwajin DNA in san ko mu Fulani ne ko Barebari. Wane kamfani ya fi? (Wani ɗan kasuwa daga Kumasi)

Amsa: Alhaji, za ka biya daloli ka tofa yawu a kwalba, a ce maka kai mutumin Afirka ta Yamma ne. Madubi zai gaya maka haka kyauta. Suna gwada naka ne da samfurin mutanen da suka tara, na yankinmu kuwa kaɗan ne, kuma sunan kaka ko ɗaya ba zai fito ba. Ka tuna a 2023 an sace bayanan mutum kusan miliyan 6.9 daga kamfanin 23andMe, a Maris 2025 kuma kamfanin ya kai kansa kotu kan karayar arziki. Kalmar sirri in ta fita ana canzawa, jini ba a canza shi, kuma ba naka ne kai kaɗai ba, har da na 'ya'yanka da 'yan'uwanka.

Tambaya: A bangon Alƙur'anin kakanmu an rubuta ya bar gida a 1321. Wace shekara ce ta boko? (Wani ɗalibi daga Mai Wurno, Sudan)

Amsa: Ninka da 0.97, ka ƙara 622. Ya ba ka 1903, ko farkon 1904. Shekarar yaƙin Burmi ke nan, tsakanin Turawa da Sarkin Musulmi Attahiru, lokacin da jama'a da yawa suka yi hijira gabas. Sunan garinku ma ya isa ya ba ka haske, don daga ɗan Attahiru, Bello Mai Wurno, ya samo asali.

Tambaya: Wace manhaja ce ta fi dacewa da zana bishiyar dangi? Gidanmu mata huɗu ne, 'ya'ya talatin da ɗoriya. (Hajiya daga Maraɗi)

Amsa: Ranki ya daɗe, FamilySearch kyauta ne, na cocin Mormon ne da ke Utah a Amurka, amma bishiyarsu ta tarayya ce, wani can zai iya gyara miki kaka. Ni Gramps nake amfani da ita a kwamfuta: kyauta, ba ta buƙatar data, kuma mata huɗu ba sa rikita ta. Ko wacce kika zaɓa, ki tabbata tana fitar da fayil ɗin GEDCOM, wato irin fayil ɗin da manhajojin bishiyar dangi ke karantawa, don ki iya ƙaura da shi zuwa wata manhajar. Sunayen masu rai da ranakun haihuwarsu kuma kada su hau intanet sai da izininsu.