Tambayi Likita: Cikon haƙorina ya faɗo

Salam likita. An min cikon turmi irin wanda ake ɗaukar awon haƙori a haɗo shi a waje sannan a manna, ko wata uku bai yi ba ya faɗo ina cin tsire. Me ya jawo?
Daga wata 'yar uwa a Zariya

Wa alaikissalam, sannu 'yar uwa. Gaskiya irin wannan ciko duk ƙarfinsa a wajen mannawa yake. Ana shafa wa haƙorin asid mai kashi 37 na kamar daƙiƙa 15 zuwa 30 ya ɗan yi kaushi, shi ma cikon a feshe cikinsa da garin alumina (wani gari mai kama da yashi) a shafa sailen (wani sinadari mai taimaka wa gam ya kama), sai a sa gam ɗin a haska shuɗiyar fitila ya daskare, to in yawu ya taɓa wurin ana cikin aikin shi kenan ba zai kama ba, shi ya sa ake killace haƙorin da roba. Man kanumfari ma, wanda ke cikin wasu cikon wucin gadi da ake sawa kafin a manna na dindindin, yana hana gam ɗin kamawa.

Kar ki yar da cikon da ya faɗo, ki kai wa likitan, sau da yawa ana sake manna shi. Don Allah banda Super Glue.