Me ya sa ƙarfe ke ƙin bajewa idan uwar maƙera tana motsi?

Ɗana, ka ce jiya ka yi ta dukan bakin fartanya har gumi ya jiƙe ka, ƙarfen ya ƙi bajewa, alhali masabar ba ta canza ba. Ƙarfinka na nan. Je ka duba gindin uwar maƙera. Ruwan da aka yi nan Talata Mafara ya jiƙa ƙasar rumfa, gungumen da aka kafa ta a ciki ya yi sako-sako.

Bari in lissafa maka. Masabarmu kilo 2 ce. A ce tana saukowa da gudun mita 5 a sakan ɗaya. Ka ninka nauyin da gudun, ka sami 10. Wannan shi malaman fiziks ke kira momentom, wato abin da masaba ta ɗauko a tafiyarta. Kafin ta tsaya, dole wannan 10 ɗin ya ƙare kaf. Ƙarfin dukan, in aka ninka shi da lokacin da masaba ta ɗauka kafin ta tsaya, shi ma 10 zai bayar. Sunansa imfols, kuma daga dokar motsi ta biyu da Isaac Newton ya fitar a 1687 aka samo shi.

To, a nan aikin yake. In uwar maƙera ta kafu daram, a ce masaba ta tsaya cikin kashi 1 na 1,000 na sakan, ƙarfin ya kai niyuton 10,000 (niyuton shi ne ma'aunin ƙarfi). Kamar an jibge buhun siminti 20 ne a kan ɗan wurin da bakin masaba ya taɓa. In gungume ya nutse tare da dukan har tsayawar ta ɗauki kashi 1 na 100, sai ƙarfin ya faɗo niyuton 1,000, buhu 2 kacal. Hannunka ya yi wahala iri ɗaya, ƙasa ta shanye duka.

Kada kuma ka ce to bari a rage lokacin ta kowace hanya. Ƙarfe mai sanyi ba ya lotsawa, sai masaba ta yi tsalle. In ta sauko da gudun 5 ta koma sama da 2, canjin gudun ya zama 7, ka ninka da kilo 2, canjin momentom ya zama 14 maimakon 10, kuma cikin lokaci mafi gajarta. Wannan ƙarfin ba inda zai je sai ya tsaga sifirin motar da kake ƙerawa, ko ya ɓantare bakin masaba ya nufi ido, ko ya bi ƙota ya shiga wuyan hannunka. Ina jin zafin ganin yaro yana haka. Ka zuga har ƙarfe ya wuce ja ya soma ruwan ɗorawa, da ya dushe ka mayar da shi cikin gawayi.

Yau kafin ka hura wuta, haƙe gindin gungumen, ka kwashe jiƙaƙƙiyar ƙasar, ka zuba marmara da tsakuwa kaɗan-kaɗan kana dakawa da taɓarya. In uwar maƙera na rawa cikin raminta, buga mata tsinken itace busasshe a gefe. Sannan ka ɗora ƙaramin dutse a kan gungumen ka yi duka ɗaya. In dutsen ya yi tsalle ya faɗi, ƙara dakawa.