Macijin Ɗana Yana Binne Kansa, Ciwo Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina zaune a Ingila, ɗana yana kiwon macijin masara a akwatin gilashi. Kwanan nan sai ya nutse cikin dusar katakon da aka shimfiɗa masa, a wuni ba a gan shi ba. Lafiya kuwa?

Amsa: Wa'alaikumussalam. Kwantar da hankalinka, Malam, galibi halinsa ne. Asalin wannan maciji kudu maso gabashin Amurka ne, su Florida da Jojiya. Ba shi da dafi, nannaɗe ɓera yake yi ya matse shi. Amma a dajinsu shi ma abincin shaho da mujiya ne, shi ya sa yake wuni a ramin ɓera ko ƙarƙashin ruɓaɓɓen icce, sai magariba ya fito. Akwatin gilashi kuwa fili ne fetal a wurinsa. Ku sa masa maɓoya biyu, ɗaya a kowane gefe, matsattsu yadda jikinsa zai taɓa bangon.

Abin da na fi so ka duba shi ne zafi. Jikin maciji ba ya ɗumama kansa, wurin da ya kwanta ne ke ɗumama shi. Gefe ɗaya na akwatin ya kasance kusan digiri 29 a ma'aunin Salshiyas, ɗayan 22 zuwa 24. Ka lura da inda yake nutsewa. In kullum gefen sanyi ne, akwatin ya yi zafi, gudu yake yi. In kuma gefen ɗumi ne, kuma tabarmar lantarki mai ɗumama akwatin kuka sa a ƙarƙashinsa, to nan haɗarin yake: yana tona dusa har cikinsa ya kwanta kan gilashin, wanda ya fi saman dusar zafi sosai, ya ƙone bai motsa ba. Mutane da yawa saman dusa suke aunawa su ce lafiya lau. A'a, a kan gilashin za a ɗora ma'aunin, kuma a haɗa tabarmar da na'urar da ke kashe ta in zafi ya wuce kima.

Sai saɓa. In idonsa ya yi hazo-hazo, launin jikinsa ya dushe, ganinsa ya ragu ke nan, zai ɓuya mako ɗaya ko biyu yana neman laima. Haka ma in ya haɗiye ɓera, a bar shi kwana biyu. Ka ja wa yaron kunne kada ya riƙa tono shi, yana iya amayar da abincin.

Game da abin da za a shimfiɗa masa, dusar katakon itacen aspen ta dace. Ban da ta itatuwan sida (cedar) da fayin (pine), mansu yana cutar da numfashinsa.

In ka ga yana ramewa, yana numfashi baki buɗe, kumfa a baki, fatar ciki ta yi ja, ko wasu baƙaƙen ƙwari ƙanana na yawo kusa da idonsa, ku kai shi wurin likitan dabbobi wanda ya saba duba macizai.