Tatu a Aikin Ɗalibar Zane

Tambaya: Anti, ni ɗalibar zane-zane ce, an ba mu aikin fasta kan yadda ra'ayin jama'a game da tatu, wato zanen jiki na dindindin da ake yi da allura da tawada, yake sauyawa. Ta ina zan fara?

Amsa: Ƙanwata, ki fara da nuna cewa sauyin bai dosi alƙibla ɗaya ba. A Amurka, inda a da ake danganta tatu da fursunoni da ma'aikatan jiragen ruwa, binciken cibiyar Pew na 2023 ya nuna kashi 32 cikin 100 na manya suna da shi. A Najeriya kuwa tsagar gado ce take gushewa, har Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta hana yi wa yara ita. Ina roƙonki ki bambanta tatu, wanda yawancin malaman Musulunci suka haramta, da lalle, wanda suka halatta wa mata.