Haddis ɗina yana ƙas-ƙas, in kwance shi da kaina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗaukar hoton biki ne a Gusau. Haddis ɗina na waje mai 1TB ya faɗo daga kan tebur yana cikin aiki. Yanzu in na jona shi sai ya riƙa ƙas-ƙas, kwamfuta ba ta ganinsa, ga hotunan mutane a ciki ban ba su ba. Na ga bidiyon wani ya buɗe murfin ya ture allurar da hannu. Ina da sukudireba, in gwada?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ajiye sukudirebar nan, kuma ka daina jona shi don jin ko ya warware. Duk jonawa ƙarin ɓarna ce.

A cikin ƙarfen nan akwai faifai mai sheƙi, a irin naku na aljihu yakan juya sau 5,400 a minti ɗaya. Allurar da ke karatu ba ta taɓa shi, iskar juyawar ce ke ɗaga ta, tazarar ba ta kai nanomita 10 ba (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), alhali kaurin silin gashi dubban nanomita ne. To da ya faɗi yana juyawa, mai yiwuwa allurar ta bugi faifan ta lanƙwashe. Ƙarar da kake ji ita ce ke fita neman inda za ta fara, ta rasa, ta koma. In ta karce faifan, garin da ya kankaro shi ne hotunanka, kuma babu gwanin da ke mayar da shi.

Yanzu ka dubi ɗakinka da hunturu, yadda ake goge tebur da safe, kafin azahar ka rubuta sunanka a kai. Ƙwayar ƙura ɗaya ta fi waccan tazarar girma nesa ba kusa ba. Shi ya sa masu sana'ar suke buɗewa a ƙarƙashin na'urar tace iska, da safar hannu, su ciro allura daga wani haddis irinsa sak su dasa. Masu bidiyon nan suna nuna maka lokacin da faifai ya juya ne, ba sa nuna abin da ya biyo baya. Batun da wasu ke cewa a sa shi a firji kuwa, raɓa kawai za ka tara masa.

Ba wai babu abin da ake yi a gida ba ne. Da shiru ya yi ba faɗuwa, sai in ce ka canza waya, ko ka ɓalle robar waje ka jona shi kai tsaye ta SATA, wato bakin jonawa na haddis ɗin kansa, don sau da yawa ɗan allon USB ɗin ne ke mutuwa. Amma wasu ƙananan haddis na kamfanonin WD da Toshiba bakin USB ɗinsu a manne yake da allon haddis ɗin, dabarar ba ta ci a nan. Ko allon haddis ɗin ne ya ƙone, musanya shi kaɗai ba ya isa, sai an ɗauke guntun ROM, wanda ke riƙe da saitin haddis, na tsohon an liƙa a sabon, domin saitin kowane haddis daban ne. Wanda kuma kwamfuta ke gani amma yana jan ƙafa, a kwafe shi dungurungum da manhajar ddrescue kafin a saki manhajar tono fayilolin da suka ɓace, Recuva ko PhotoRec, a kan kwafin.

Naka ya wuce nan. Nemi masu ceto bayanai, ba mai gyaran waya ba. Ka tambaye su a ina suke buɗewa, da me suke tace iska, kuma nawa za ka biya in ba a samu komai ba. Aikin da tsada, yakan fi kuɗin sabon haddis, kuma haddis ɗin da aka riga aka buɗe a gida wasu ƙara kuɗi suke, wasu su ƙi karɓa. Kafin ka tafi, duba katin kyamararka: ko ka goge, in ba ka cika shi da sababbi ba, PhotoRec na iya tono wasu hotunan.